Makaranta a kan taya

A Amurka akwai iyalan da ke sayar da gidansu, su sayi babbar mota mai gado da kicin da banɗaki, su tare a cikinta shekara da shekaru. 'Ya'yansu ba sa zuwa aji. Uwa ko uba ne malami. Tun 1993 doka ta halatta karantar da yaro a gida a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Da yawa daga masu wannan yawo suna yin rajistar zama a Texas, inda jiha ba ta karɓar harajin albashi, ba ta kuma tilasta wa iyaye sanar da hukuma cewa sun riƙe yaro a gida.

Wannan sakaci shi ke damuna. Yaron da ya ga kwazazzabon Grand Canyon da idonsa ya ƙaru, babu musu. Amma idan ya shekara 10 bai iya lissafin rabawa ba, wa zai gano?

Duk da haka sun dace da abu guda: malami na tafiya tare da ɗalibi. Mu kuwa tun 1989 muka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, har da tsarin makarantar tafi-da-gidanka, amma sau da yawa idan ɗan Fulani ya bi shanu kudu da rani, malaminsa a ruga ake barinsa.