Ƙaguwar da Ta Zo Sau Biyu

Akwai wata magana da nake so in ja da ita, watau cewa in ɓarna ta riga ta shiga gida, tsaron ƙofa ba shi da sauran amfani. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma shaidata wata 'yar ƙaguwa ce ta bakin teku.

Ana kiranta koriyar ƙaguwa. Faɗin bayanta bai kai tafin hannu ba. Asalinta gaɓar tekun Turai ne, inda take laɓewa a ƙarƙashin duwatsu da ciyawar ruwa. A shekarar 1817 aka fara ganinta a gabashin Amurka, ana kuwa zaton jiragen ruwa ne suka kai ta. Aikinta shi ne fasa ɓawon ƙananan dabbobin nan masu kama da ƙumba tana cinye namansu, alhali kuwa da su masunta da yawa ke ci da iyalinsu. Mace guda tana iya ɗaukar ƙwai har 185,000. Sannu a hankali ta yi ta bin gaɓa tana yin arewa, har ta shiga jihar Nova Scotia ta Kanada, sai sanyin ruwa ya tsayar da ita wajajen Halifax.

To, daga shekarun 1980 sai aka ga ta ɓarke ta mamaye arewa mai tsananin sanyi. Mutane suka ce ai ko ta saba da sanyi ne, ko kuwa ruwan ne ya yi ɗumi. Ga ido dai ƙaguwa ƙaguwa ce, babu mai iya bambanta ta kudu da ta arewa. Amma kowace halitta tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda masana ke kira DNA, kuma dangi sukan yi tarayya a wasu alamu nasa, kamar yadda ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. A 2006 wani masani, Joe Roman, ya buga sakamakon bincikensa a kan wannan rubutu. Ashe ƙaguwar arewa ba jikokin ta 1817 ba ne. Baƙi ne sababbi daga arewacin Turai, waɗanda tun kakanninsu suka saba da ruwan sanyi. Daga baya iri biyun suka haɗu suka hayayyafa, kuma a 2007 aka ga ƙaguwar a tsibirin Newfoundland.

Ku duba fa. Da wani ma'aikacin tashar jirgi ya ga waɗannan baƙi ran da suka sauka, da sai ya ce ai muna da irinsu tun zamanin kakanni. Nan kuwa sabon ƙarfi ne aka kawo wa tsohuwar annoba. Saboda haka nake cewa wajibi ne a ci gaba da binciken jiragen ruwa ko da a kan dabbar da ta riga ta zama 'yar gari.

Wani zai ce, me ya hana a bar wannan bincike mai tsada a kama ƙaguwar a hallaka kawai? An gwada. A wani ɗan tafki kusa da San Faransisko, inda ƙaguwar ta bayyana a 1989, an shiga kama ta daga 2009, har yawanta ya faɗo daga wajen 125,000 zuwa ƙasa da 10,000 a 2013. Shekara na zagayowa sai ga wajen 300,000! Dalili kuwa, manyan ne ke cinye ƙananan, da aka kwashe su sai 'ya'yan suka samu sarari.

Babbar hanyar irin waɗannan baƙi ita ce ruwan da jirgi ke ɗiba a cikinsa don ya daidaita, ya je wata tashar ya zubar da shi tare da ƙwai da 'ya'yan dabbobi. An ƙulla yarjejeniyar duniya a kan tace wannan ruwa a 2004, amma ba ta fara aiki ba sai 2017. Shekara goma sha uku ke nan jirage na kai da komowa. Ita kuwa ƙaguwa ba ta jira kowa ba, don a 2022 an same ta har a kudancin Alaska.