Haƙuri Da Kwamfuta Mai Nawa Asarar Fetur Ne

Daga Agege a Ikko har zuwa Sabo ta Badun akwai samarin Arewa waɗanda abincinsu ya rataya ga gyaran hoto a kwamfuta, watau hoton fasfo da katin biki da fastar 'yan takara. Kukansu ɗaya ne, wai Photoshop ta cika nawa, a danna a zauna ana kallon allo, mai kaya kuwa yana tsaye yana tsaki. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma tun da aka janye tallafin mai a 2023, wanda ya zauna jiran kwamfuta janareta na ruri, ribarsa yake ƙonawa.

Sau da yawa lodi ne ya yi wa injin yawa. Hoto mai ɗigo miliyan 24 yakan ci wajen megabait 72 da zarar an buɗe shi, kowace leya da aka ɗora kuma ƙarin kaya ce. Alhali hoton fasfo mai inci 2, ɗigo 600 a tsaye 600 a kwance ya ishe shi. Ashe maganin farko kyauta ne: a rage girman hoto kafin a fara aiki.

Har wa yau Photoshop takan riƙe matakai 50 na aikin da aka yi, domin a iya komawa baya. Mai gyaran fasfo ya shiga saiti ya mai da su 20, ba zai rasa kome ba. Aikin da ake maimaitawa kullum kuwa, kamar rage girma da daidaita haske, ana koya mata shi sau ɗaya a Actions, ta yi wa hotuna ɗari ita kaɗai.

Sa'an nan a zo kan abin da ke cin kuɗi. In ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram, ta cika, Photoshop takan ari wuri a faifan ajiya, a nan ne tafiya ke tsayawa. Kamfanin Adobe ya ce giga 8 ne mafi ƙaranci, 16 ya fi. Saboda haka kafin mutum ya kwashi tarinsa na shekara ya nufi Computer Village a Ikeja neman sabon inji, ya fara ƙara ram, ya musanya tsohon faifai mai juyawa da SSD, ya kuma kwashe hotunan bara ya ba faifan fili.

Mai sayar da sabon inji ba lalle ya faɗi wannan ba, domin shi ma abinci ya fito nema. Abin da ya ragu a aljihu kuwa, akwai masu jiransa a gida.