Infirmiyar reyanimasiyo: ta kwana kan ɗan wani, nata na gida da zazzaɓi

Yau maganar tamu kan matan da ke aiki a reyanimasiyo ce, wato ɗakin nan na likita da ake kwantar da wanda ciwonsa ya yi tsanani. Ko a Yamai, ko Damagaram, Maraɗi ko Tawa, in ka leƙa ɗakin da tsakar dare za ka iske mata a tsaye, kuma da yawansu masu goyo ne.

Aikin nan ba irin na sauran ɗakuna ba ne. Mai jijjigar haihuwa, yaron da masassarar cizon sauro ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, mai sanƙarau, ɗan kabu-kabun da ya bugu a kai, duk nan ake kawo su. Awa-awa ana duba tansiyo da numfashi ana rubutawa. Na'ura ta yi ƙara, sai an ruga. Wuta ta ɗauke, kafin a tada janareto ido na kan oksijan. Infirmiya ba ta iya cewa "bari in je gida in ba yaro nono in dawo", don minti biyar a nan rai ne. Daga watan Agusta zuwa Oktoba kuwa, lokacin da masassara ke cika gadaje, daidai lokacin ne nata ɗan ma ke iya kwantawa a gida.

Sai tarho ya yi ƙara a aljihu, ƙanwarta ce: jikin yaro ya yi zafi. Ita ta san abin da zafin nan ke iya zama, ta fi kowa sani, tunda ga irinsa kwance gabanta. In ta tafi, ta bar marar lafiya. In ta tsaya, zuciyarta na ce mata ke wace irin uwa ce. Ko ta koma gida da safe, yaro ya rugo, ba ta yarda ya taɓa ta sai ta tuɓe kayan aiki ta yi wanka, don tsoron ƙwayar cutar da ta kwaso. Yaro ɗan shekara biyu bai san wannan ba, shi dai ya ga inna ta ture shi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne lissafin da bai haɗuwa. Dokar aiki ta ƙasarmu ta ba mace mako 14 na hutun haihuwa, kuma wani sashe nasa kafin haihuwar ake cinye shi. Ke nan bayan arba'in da ƴan kwanaki an koma aiki. Su kuma ma'aikatan lafiya su ne ke gaya wa mata, kamar yadda OMS ta tsara, a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a haɗa. Mu ma a rediyo mun sha maimaita shi. To ita mai faɗar fa? Doka ta ba mai shayarwa awa ɗaya a ranar aiki. Awa ɗayar nan tana da amfani ga wadda ke biro. Ga wadda ke gardi daga dare har safe, gidanta kuma a bayan gari, wa zai riƙe mata gadaje ta tafi ta dawo?

Sannan ga bakin mutane. Yaro ya rame, uwar miji ta ce ai uwarsa ta likita ce ba tasa ba. An yi suna ko biki ba a gan ta ba, an ce girman kai. Maƙwabta kuwa su ƙirga daren da ba ta kwana gida. Wasu ma su ce to ta bar aikin mana, wa ya tilasta ta? Amma mu tuna, mu ɗin nan ne ranar da aka kwantar da matarmu ko uwarmu za mu ce don Allah mace ta gyara ta, mace ta sa mata sondi, kar namiji ya buɗe ta. Macen da muke nema ɗin nan a makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram ta yi shekaru tana karatu, kuma za ta yi aure ta haihu kamar kowa. Ba a samun infirmiyar da ba ta da gida.

A ganinmu laifin da take ɗora wa kanta, tsari ne ya kamata ya ɗauke shi. Ba kuɗi mai yawa ake magana ba. Ɗaki ɗaya mai tsabta cikin harabar likita, nesa da majinyata, da mai reno, inda za a ajiye jarirai uwa ta leƙo ta shayar. Firij ga wadda ta yarda ta tatsa ta ajiye, ko da yake mun san tsofaffi da yawa ba su son jin wannan. A sauke wa mai shayarwa gardin dare har jariri ya cika wata 6, a kuma fitar da jadawalin gardi da wuri, ba ranar Alhamis a ce mata Asabar ke ce ba. Sandika na ma'aikatan lafiya, in an zauna da ministan lafiya kan albashi da alawus, a sa wannan ma cikin takarda.

Ku kuma magidanta, wanda matarsa ke gardi yau, ya koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ya san inda parasetamol da katin awon yaro suke, ya san hanyar CSI ta unguwa. Kiran ƙarfe biyun dare don a tambayi inda aka ajiye wandon yaro, wannan a bari sai safe.

Ƴan'uwa infirmiyoyi da ungozomomi masu karanta mu, ku faɗa mana yadda ake tsara gardin masu jego a wurarenku, ba sai kun faɗi sunan likitar ba. Za mu kai maganar cikin shirinmu na lafiya.