Ba Laifin Batir Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen injiniya, har yaushe za mu zuba ido ana tatsar masu tsohuwar Toyota Prius, mai fetur da lantarki? Da injin ya soma ɓari da sassafe, sai wani makanike ya rantse babban batir ne ya mutu. Ƙarya ce! In na'urar bincike ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ba ta kama wuta. A mayar da kwayil ɗinta silinda ta biyu. Lambar ta koma P0302, an kama ɓarawo. In ta ƙi motsi, a duba fulogi da nozul. Ƙirar 2010 zuwa 2015 kuwa, gasket ɗinta kan ƙone, ruwa ya tsiyaya cikin silinda.