Sikwash: Mai Tsintar Ƙwallo Ma Ya Ɗau Kofi

Ɗan'uwa, ajiye musun Arsenal da Chelsea tukuna, ka ji wannan. Akwai gasar British Open ta sikwash, wasan da mutum biyu ke dukan 'yar ƙwallo da raket tana bugun bango a cikin ɗaki. A Ingila aka fara ta: ta mata a 1922, ta maza a 1930.

Hashim Khan ɗan talaka ne daga wani ƙauye kusa da Peshawar. Tsintar ƙwallo yake yi wa hafsoshin Turawa, in sun tashi sai ya shiga ɗakin ba takalmi ya yi ta gwaji. Kofin nan sau 7 ya ɗauke shi tsakanin 1951 da 1958. Jahangir Khan ya biyo baya da 10 a jere. Yau 'yan Masar ke jan zarensu, kuma wasan zai shiga Olamfik a 2028.

Da ba ɗakin wasa kusa da shi, wa zai san Hashim? Filin mita 9.75 ne da 6.4, ko fuloti bai kai ba. To me zai hana a gina irinsa a Magami, Tsafe ko Bungudu, ƙannenmu su samu abin yi? Kana da data, kana da baki. Tambayi kansilanku da ciyaman a fili, kuma ka sake tambaya ranar da suka zo neman ƙuri'a.