Kada Mu Sayar da Tsohon Garmaho a Kilo

'Yan'uwa manoma, 'yan gwangwan suna zaga ƙauyukanmu daga Bichi har Dambatta, suna kwasar tsofaffin rediyo masu garmaho a kuɗin goro. Mu dai mun ce kada a sayar. Sau da yawa allura ce kawai ta cinye, ko ɗaya daga kwalaben ciki ta ƙone. Amma kada kowa ya sa hannu ciki, wutarsa takan haura bolt 200, tana kisa. Ƙungiya ta tara kuɗi a kai wa mai gyara a Sabon Garin Kano, a haɗa da yaro ɗaya ya koyo aikin. Shata ya rasu tun 1999, kuma ba duk waƙar da ke faifan iyayenmu ta shiga waya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.