'Yan Jarida, Haɗeja Ba Ambaliya Kaɗai Ba Ce

Duk damina, da kogi ya tumbatsa ya shanye gonakin Auyo da Guri da Kirikasamma, sai ga ku da kyamarori. Ku ɗauki hoton tsohuwa cikin ruwa iya gwiwa da tabarma a ka, ku tambayi manomi buhun shinkafa nawa ya rasa, ku kama hanyar Dutse ko Kano kafin la'asar. Aiki ne, ba mu raina ba. Amma ina kuke shiga ranar 25 ga Afrilu?

A wannan rana ce, a 1906, rundunar da Lugard ya turo ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta auka wa Haɗeja da igwa da bindigogi masu aman wuta. Sarki Muhammadu ya san abin da ke gabansa. Kano da Sakkwato sun faɗi tun 1903, kuma ko wata biyu ba a cika ba da rushe Satiru. Duk da haka ya ƙi miƙa wuya. Mahaya suka fito da takubba da masu, aka yi ta gwabzawa lungu-lungu na tsawon sa'o'i, har Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa. Shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada.

Wannan rana takan zo ta wuce, da wuya ka ji gidan rediyo ya ware mata rabin sa'a. In kuwa wani mai kuɗi aka naɗa sarauta, shafi bayan shafi za ku cika da hotonsa da "muna taya murna", kowane an biya. Wanda ya ba da ransa ba shi da ambulan da zai miƙa, don haka ba shi da fili. Abin kunya ne. Har ma in kun tashi lissafa wuraren tarihin garin, kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da ake kira Mai Tumbi, ba ya faɗuwa daga jerinku, amma sunayen waɗanda suka mutu a gefen Sarki ba ku taɓa wahalar nemowa ba.

In kun taɓo tarihin ma, kwafe kuke yi. Ku dubi yadda kuke yi wa Sarkin Haɗeja Buhari. Kalma biyu kuka haddace, "ɗan tawaye", shi ke nan an gama da shi. Mutumin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe bayan kisan Sarkin Auyo, ya dawo ya ƙwace gadonsa daga hannun ɗan'uwansa Ahmadu, ya karya rundunar da aka haɗo masa, ya riƙe ƙasarsa fiye da shekara goma har ya mutu a yaƙin Gogaram a ƙasar Bade a 1863, wai shi za a tattara a kalma biyu? Ban ce ku wanke shi ba. Ya kai hare-hare, ya kwashi bayi, garuruwa da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Ku faɗi wannan, ku faɗi wancan, ku tambayi masana abin da ya sa daular da Shehu ya kafa ta kasa tanƙwara shi. Mai karatu ba yaro ba ne.

Mu'azu Haɗeja kuwa, wanda ya rasu a 1958 bai kai arba'in ba, kun bar wa malaman Hausa da ɗalibai masu jarrabawa. Malamin makaranta ne da ya yi wa giya da karuwanci da jahilci kaca-kaca a waƙe, ya kuma tsaya wa jam'iyyar NPC a lokacin da Mudi Sipikin ke rera wa NEPU. Duk surutun da kuke yi kan shaye-shayen matasa, kun taɓa tunanin ɗauko Waƙar Giya ku sa mai murya ya rera ta, a tattauna a kai?

A ƙasar Filifin, ranar 30 ga Disamba hutu ce saboda José Rizal, marubucin da Turawan Sifen suka harbe a 1896, kuma tun 1956 doka ta wajabta koyar da rayuwarsa da littattafansa a makarantu. Mu ba doka muke roƙo ba. Ranku ya daɗe, editoci, ɗan rahoto ɗaya muke so ku tura da na'urar naɗar murya, ya kwana biyu a gari. Akwai dattawa a zaurukan Haɗeja da suka ji labarin 1906 daga bakin kakanninsu, akwai maroƙan fada da ke riƙe da kirarin jaruman da ba a rubuta ba. Kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu, kuma babu wanda ya naɗi abin da suka sani. Ku tura shi tun yanzu, shirin ya kammala kafin Afrilu.